Minti 73 daga Ƙofa zuwa Allura: Yadda Aka Yanke Shawara kan Wata Mai Shanyewar Ɓarin Jiki

Kafin ranar

Matar da wannan nazari ya shafa shekarunta 62, malamar makaranta ce da ta haura shekara 30 tana koyarwa. Ta kai shekara tara da hawan jini, tana shan ƙwaya ɗaya kullum, ko da yake 'yarta ta gaya mana daga baya cewa in ta ji garau takan yi kwanaki ba ta waiwayi maganin ba. Ba ta da ciwon sukari, ba ta shan maganin tsinka jini, ba a yi mata tiyata a 'yan watannin ba. Ni ne likitan da ya fara karɓar ta a sashen gaggawa, a shekarata ta biyu da fara aiki a wurin. Lokutan da zan kawo daga fayil ɗinta suke. Maganganun da aka yi kuwa daga abin da na riƙe ne, da abin da nas ɗin da muka yi aiki tare ta tuna mini.

Ƙarfe 6:10 na yamma zuwa 7:55

Tana zaune tana duba littattafan ɗalibai biro ya suɓuce daga hannunta na dama. Mijinta na kusa. Ya ce ta buɗe baki za ta yi magana, abin da ya fito ba kalma ba ne, bakin kuma ya karkace. Sa'ar da aka yi ita ce ya dubi agogo, domin a wannan ciwo tambayar farko da muke yi ita ce yaushe aka gan ta lafiya lau a karo na ƙarshe. Sun ɗan jira ko abin zai sake ta, bai sake ta ba. Sun iso wurinmu ƙarfe 7:25, minti 75 bayan farawa.

Awon jininta 196/104, sukari daidai. Hannun dama ba ya tsayawa a sama, ƙafar dama na da ɗan ƙarfi, gefen fuskar dama ya zube, in ta yi yunƙurin magana sai "to, to" kawai. A ma'aunin tsananin ciwon da ake kira NIHSS, wanda ke tashi daga 0 zuwa 42, na ba ta 9. Matsakaici ke nan, amma irin wanda in ya zauna haka malama ba za ta sake tsayawa gaban allo ba.

Ƙarfe 7:45 aka ɗauki hoton ƙwaƙwalwa na CT. Babu zubar jini. Hoton jijiyoyi bai nuna toshewar babbar jijiya ba, don haka batun zura siririn bututu ta jijiyar cinya a zaro gudan jinin bai taso ba. Wannan aiki, wanda gwajin MR CLEAN na ƙasar Holan da wasu gwaje-gwaje huɗu suka tabbatar da amfaninsa a 2015, na masu toshewar manyan jijiyoyi ne. Nata ƙaramin reshe ne ya toshe a ɓangaren hagu na ƙwaƙwalwa, wanda ke sarrafa ɓarin jikin dama, kuma ga yawancin mutane a nan ne magana take. Abin da ya rage mana shi ne allurar narkar da gudan jini, alteples. Ba a ba da ita sai jini ya sauka ƙasa da 185/110, saboda haka muka fara yi mata allurar labetalol, ni kuma na fita wajen iyalinta.

Abin da za a yanke shawara a kai

Wannan allura fuska biyu gare ta. A gwajin da cibiyar NINDS ta Amurka ta wallafa a 1995, kan mutum 624 da aka yi wa magani cikin awa uku, a ɓangare na biyu na gwajin 39 cikin 100 na waɗanda suka sami allurar sun koma kusan yadda suke bayan wata uku, a rukunin da ba su same ta ba kuwa 26 ne. Amma kashi 6.4 cikin 100 na masu allurar sun sami zubar jini a ƙwaƙwalwa da ya ƙara musu ciwo, a ɗaya rukunin kashi 0.6. Gwajin ECASS na uku a Turai, a 2008, ya faɗaɗa lokacin zuwa awa huɗu da rabi, da amfani mai raguwa. Jeffrey Saver na Jami'ar Kalifoniya a Los Anjeles ya ƙiyasta a 2006 cewa in babbar jijiya ta toshe, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa kimanin miliyan 1.9 ke mutuwa kowane minti. Tata jijiyar ba ta kai wannan girma ba, amma asarar ba ta tsayawa jiran kowa.

Abin da ake nema daga iyali ke nan: su fahimci wannan duka, a tsaye, a cikin 'yan mintoci, mutumin da suke ƙauna na kwance a bayan labule.

7:55, yunƙurin farko: bayani da baki

Na same su a baranda, mijin mai kimanin shekara 70 da 'yarsu. Na faɗi abin da aka koya mini in faɗa, a jeren da aka koya mini. Na ce akwai allura da ke ƙara damar warkewa da kusan kashi 30 cikin 100, amma akwai haɗarin zubar jini a ƙwaƙwalwa na kashi 6 cikin 100, wanda zai iya kai wa ga rasa rai. Na ce lokaci na ƙurewa.

Mijin ya yi shiru, sannan ya ce, "Likita, wato talatin ne suke warkewa, saba'in ba sa warkewa, shida kuma su mutu?"

Na ce a'a, ba haka ba ne, na fara bayanin cewa 30 ɗin gwadawa ce da waɗanda ba su sami maganin ba, 6 ɗin kuma daga cikin kowane ɗari ne, kuma ba duka shidan ke mutuwa ba. Ina magana ina ganin idonsa ya bar fuskata ya koma kan labulen. Ya ce, "Yanzu dai tana numfashi, tana gane mu. In na sa hannu ta mutu, ni na kashe ta."

Wannan zance ya ci minti takwas. Ban ambaci ko sau ɗaya abin da zai faru in ba a yi allurar ba.

8:05, yunƙuri na biyu: takarda da waya

Na miƙa musu takardar amincewa, shafi biyu da ƙananan rubutu, ina tunanin in sun karanta da kansu hankalinsu zai kwanta. Takardar an rubuta ta ne don kare asibiti, kusan rabinta jerin illoli ne: zubar jini a kai, a ciki, a dasashi, kumburin harshe da leɓe, mutuwa. 'Yar ta karanta wa mahaifinta da ƙarfi har ta kai tsakiyar shafin farko, muryarta ta fara rawa, ta daina. Ta ciro waya tana bincike a intanet. Mijin ya kira babban ɗansu da ke wani gari, aka miƙo mini wayar, na sake bayanin daga farko ga mutumin da ba ya ganin mahaifiyarsa. Ɗan ya ce a jira ya tuntuɓi wani abokinsa likita.

Ƙarfe 8:12 nas ta leƙo ta ce jini ya sauka zuwa 178/98. Daga wannan minti babu abin da ya hana allurar sai mu.

Na gwada abin da na ga manya na yi. Na ce, "Baba, da mahaifiyata ce, da na amince." Ya ce, "Allah ya saka da alheri, Likita, amma ba taka ba ce." Bai faɗa da faɗa ba, kuma ban sami abin ce masa ba.

8:20, katin mutum ɗari

Nas ɗin ce ta kira babbar likitar ƙwaƙwalwa da ke kan kira, kuma ita ce ta tuna da katin. Yana cikin aljihun teburin sashen, an lulluɓe shi da leda, faɗinsa kamar littafin rubutu. Ni na taɓa ganinsa a wani taron ƙara wa juna sani amma ban taɓa ɗaukarsa ba. A jikinsa akwai zanen mutane 100, layi goma-goma. 32 kore ne, 65 farare, 3 jajaye. An gina shi ne a kan lissafin da Saver da abokan aikinsa suka yi daga gwajin 1995, suka kuma mayar da shi hoto a 2010: cikin mutum 100 da aka yi wa allurar a awa ukun farko, kimanin 32 za su fi yadda da za su kasance, kimanin 3 za su fi muni saboda allurar, sauran kuma za su ƙare inda da ma za su ƙare. A bayan katin akwai zane na biyu, na awa uku zuwa huɗu da rabi, inda korayen suka ragu zuwa 16, jajayen suna nan 3.

Babbar likitar ba ta tsaya a baranda ba. Ta ce su biyo ta ciki, ta ja kujera ta zauna a gefen hagu na gadon, ta gaida marar lafiyar kafin kowa. Ta ce, "Mama, rufe idonki." Ta rufe. "Ɗaga mini yatsu biyu da hannun hagu." Ta ɗaga. "Wannan ɗanki ne?" tana nuna mijin. Ta girgiza kai, har da ɗan murmushi a rabin fuskar da ke motsi. "Mijinki ne?" Ta gyaɗa.

Gwajin bai kai minti biyu ba. Wurin da ke haɗa kalmomi su fito yana gaban ƙwaƙwalwa, wurin da ke fahimtar su yana can baya, kuma toshewar na iya cin ɗaya ta bar ɗaya. Na san wannan tun ina ɗalibi. Amma minti 55 muna maganar matar nan a bayan labule, tana jin mu, babu wanda ya tambaye ta.

Likitar ta ɗora katin a kan bargo inda duka ukun za su gani. Abin da ta faɗa gajere ne. "Waɗannan mutum ɗari ne masu irin ciwonki, duk an yi musu allurar. Korayen nan sun fi samun sauƙi saboda ita. Fararen nan ba ta canza musu komai ba, wasunsu sun warke da kansu, wasu sun nakasa, wasu sun rasu, da allura ko babu. Jajayen nan uku allurar ce ta cutar da su, har akwai wanda kan mutu. Ban san wanne ce ke ba a cikinsu. In ba a yi ba, babu ja, amma babu kore ko ɗaya."

Mijin ya sunkuya ya ƙirga jajayen da yatsa. Ya ce, "To ina shidan da ɗan'uwanki ya faɗa?" Ta ce shidan gaskiya ne, su ne masu zubar jini, amma da yawa daga cikinsu masu ciwo mai tsanani ne waɗanda da ma ba za su tashi lafiya ba, shi ya sa in aka duba bayan wata uku waɗanda allurar ta sauya wa ƙarshe zuwa mafi muni kusan uku ne. Sannan ta juya katin ta nuna bayansa, ta ce ƙarfe 9:10 wannan fuskar za mu koma, kuma korayen ba a lokaci ɗaya suke ɓacewa ba, tun yanzu suna raguwa.

Marar lafiyar ta miƙa hannun hagu ta ɗora yatsa a kan kore. 'Yar ta ce, "Ta yarda." Likitar ta ce tukuna, kowa kore yake so. Ta ɗauki yatsan ta mayar kan jajayen. "Mama, kina iya faɗawa cikin waɗannan. Kin gane?" Ta gyaɗa kai. "Duk da haka a yi?" Ta gyaɗa. "Ko a bari?" Ta girgiza kai da ƙarfi, ta buga katin sau biyu da tafin hannu.

Mijin ya dube ta ya ce, "Malama, haka kike so?" Ta kama hannunsa. Ya sa hannu a takardar ƙarfe 8:31.

8:38 zuwa wayewar gari

Nauyinta kilo 70. Ana ba da miligiram 0.9 ga kowane kilo, ba a wuce 90, nata ya kama 63. Kashi ɗaya cikin goma, wato 6.3, an tura shi cikin minti ɗaya da ƙarfe 8:38, sauran ya bi ta ƙarin ruwa na tsawon awa guda. Daga farawar ciwo zuwa allura awa 2 da minti 28. Daga ƙofa zuwa allura minti 73, alhali ƙa'idar da ake bi ita ce kada a wuce 60.

An riƙa auna jininta da duba motsinta kowane minti 15 na awa biyu, sannan kowane minti 30 na awa shida, sannan kowace awa har kwana ya zagayo, ana riƙe jinin ƙasa da 180/105. Wajen 9:50 dasashinta ya fara tsattsafo da jini, wurin da aka huda hannunta ya yi baƙi. 'Yar ta fito da gudu ta ce wa nas, "Jan ne ko?" Nas ta duba, babu ciwon kai, babu amai, hannun bai ƙara mutuwa ba. Ta ce mata wannan na waje ne, ana tsammaninsa, ta danna auduga a wurin. Kafin ƙarfe 11 marar lafiyar ta iya riƙe hannun dama a sama na 'yan daƙiƙu. Da asuba ta kira sunan 'yarta, rabinsa ya fito.

Kwana na 2 zuwa na 90

Hoton da aka sake bayan awa 24 ya nuna ƙaramin wuri da ya mutu a gaban ɓangaren hagu, babu zubar jini mai damuwa. Makinta ya sauka daga 9 zuwa 5. Sai a lokacin aka fara ba ta asfirin. A kwana na 3 na'urar bibiyar zuciya ta kama bugu marar tsari a ɗakunan sama na zuciya, wanda ke sa jini ya daskare a ciki ya ɓalle ya tafi ƙwaƙwalwa. Ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Bayan 'yan kwanaki aka mayar da ita kan maganin tsinka jini. An sallame ta a kwana na 6 da maki 3, ta ci gaba da zuwa wajen masu gashin ƙashi da mai koyar da magana.

A kwana na 90 ta shigo da ƙafarta, ba sanda. Tana wanka da sa kaya da kanta, tana rubutu a hankali. Magana ta dawo, amma in ta gaji kalma kan ɓace mata a tsakiyar jimla, ta tsaya tana laluben ta. Ba ta koma aji ba. A ma'aunin Rankin, wanda ke tashi daga 0, babu alama, zuwa 6, mutuwa, tana kan 2: tana kula da kanta, amma ba ta iya duk abin da take yi a da.

A ranar 'yar ta tambaye ni, "Likita, to Mama kore ce ko fara?" Na ce mata babu mai iya sani, domin babu wata Mama ta biyu da aka bari ba allura da za a gwada su.

Abin da na fahimta

Warkewarta ba ita ce hujjar cewa shawarar ta yi daidai ba. Da ta faɗa cikin jajayen ukun, shawarar tana nan daidai, domin an yanke ta ne da abin da aka sani a ƙarfe 8:31, kuma mai jikin ce ta yanke.

Bayanina na farko babu ƙarya a cikinsa, amma ya gaza ta wuri uku. Na haɗa lambobi biyu da ba a ma'auni ɗaya suke ba, na gwadawa da na kai tsaye, na bar tsoho cikin firgici ya daidaita su. Na ƙare da kalmar mutuwa, kuma tun 1982 binciken Barbara McNeil da abokan aikinta ya nuna cewa marasa lafiya da likitoci kansu kan sauya zaɓi in aka faɗi lamba ɗaya da sunan masu mutuwa maimakon masu rayuwa. Mafi girma, na bar ƙin allurar ya zama kamar wurin fakewa. Mijin yana ganin sa hannu ne kawai ke da alhaki. Jimlar likitar ta ƙarshe, cewa in ba a yi ba babu ja amma babu kore, ita ce ta nuna masa cewa janye hannun ma zaɓi ne mai nasa farashin.

Katin ya yi aiki domin amfani da illa sun zauna a cikin mutum ɗari ɗaya, ana iya ƙirga su da yatsa. Ya kuma yi wani aiki da ban zata ba: ya ba wadda ba ta iya magana abin da za ta nuna. Amma ba zan ɗora masa abin da ba nasa ba. Katin bai ja kujera ya zauna ba, bai gwada fahimtarta ba, bai hana a ɗauki taɓa kore a matsayin amincewa ba. A hannuna a daren nan, a baranda, ina jin da ya zama takarda ta biyu da na miƙa wa mijin.

Yana da rauninsa kuma. Korayen 32 sun haɗa da duk wanda ya matsa gaba ko da mataki ɗaya ne, ba masu warkewa sarai kaɗai ba. A nazarin 2014 da ya tattara gwaje-gwaje tara da mutum 6,756, waɗanda suka fita ba nakasa a cikin masu allurar awa ukun farko kimanin 33 ne cikin 100, a kan 23 na marasa allura, bambancin 10 ke nan. Wanda ya ɗauki kore a matsayin komawa aji zai ji an yaudare shi, kuma ban tabbata mun fayyace mata wannan sosai ba. Sannan katin matsakaici ne na kowa, bai san shekarunta ko makinta ba. Akwai manhajoji da aka yi don cike wannan giɓi, irin su COMPASS ta Jami'ar Niyukasul a Ingila, wadda ake shigar wa shekaru, tsananin ciwo, sukari, awon jini da lokaci, ta zana hoton mutumin da ke gabanka, da RESOLVE da aka samar a birnin Kansas na Amurka. Sun fi katin daidaito, sai dai dole likita ya saba da su tun kafin daren da zai buƙace su.

In aka cire lokacin saukar da jini, jinkirin da ke wuyanmu daga 8:12 ne zuwa 8:38, minti 26, kuma zancen da ya warware matsalar minti 11 ya ɗauka. Da an yi shi tun ana tura ta ɗakin hoto, da allurar ta shiga da zarar jinin ya sauka. Bayan mun tattauna lamarin a taron sashe, an fitar da katin daga aljihun tebur an rataye shi a jikin gadon da ake tura masu wannan ciwo a kai, an ƙara layi a ƙasansa da ke fayyace ma'anar kore, sabbin likitoci kuma suna gwada faɗin bayanin da baki a gaban agogo kafin su fara kwanan aiki. A takardar karɓar marar lafiya an ƙara tambaya ɗaya a saman gurbin sa hannun dangi: an gwada ko marar lafiyar na fahimta?